Haƙorin Baba da alwalar da na manta

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ɗaliba ce mai koyon aikin likitan haƙori a nan Abuja, kuma akwai abin da ke cin raina.

Wani dattijo manomi daga ƙauyen Yangoji ya zo asibitinmu, na cire masa turmin haƙori, malaminmu yana tsaye. Na zayyana masa abin da muka haddace: ban da taba, ban da abinci mai zafi, kada ya taɓa wurin da yatsa. Alwala ko kaɗan ba ta faɗo mini a rai ba, alhali ni ma sau biyar nake yin ta kullum.

Baba ya koma gida, kowace salla sai ya kurkure baki da ƙarfi, har jinin da ya daskare ya rufe ramin ya fita. Bayan kwana huɗu ya dawo, ya rame, zogi har cikin kunne, ko kunu ba ya iya sha.

Na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba komai, 'yata, ƙaddara ce." Wallahi da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya ce matarsa ma haƙori na damunta, amma da ta ga halin da yake ciki ta rantse wurin wanzami za ta.

Malamai da likitoci masu sauraro, ku taimake ni: me zan faɗa wa mai alwala, kuma wa zai lallashi matar Baba ta zo?