Madarar Patoro Ba Ta Wanke Mini Ƙirji Ba

Salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, iyayena da 'yan'uwana. Ku ce Amin da ƙarfi!

Sunana Bulus, mutumin Dogonduci, amma na daɗe a Abijan. Sana'ata fenti. Na yi shekaru a wani gareji a unguwar Ajame inda ake ƙera jikin gbaka, motocin hayan nan da muke cusuwa a ciki kullum. Masu walda su haɗa ƙarfe, a jera kujeru, ni kuma in fesa fenti.

Ɗakin fesar, kai, ko akuya ba za ka ɗaure a ciki ba. An lulluɓe shi da leda don kada ƙura ta taɓa mota, babu taga ko ɗaya. Takunkumin rufe hanci guda ne gare mu duka, rataye a ƙusa. Cikinsa ya yi baƙi da yawun mutane da gumi, in ka sa shi sai ka ji warin bakin wanda ya cire. Tir! Na gwammace in ɗaura tsohuwar riga a hanci.

Da yamma maigidan garejin, wanda muke kira Patoro, sai ya miƙa wa kowa gwangwanin madara. Duk mai fenti a Ajame ya san wannan: wai madara tana wanke fentin da ka shaƙa. Na yarda da maganar nan ɗari bisa ɗari. In na fesa koriyar mota, koriyar majina zan fyace. Matata Rifkatu tana wanki sai ta ɗaga hankicina da yatsa biyu ta ce, "Baban Hannatu, yau shuɗiya kuka fesa ko?" Ni kuwa in yi ta dariya. Dariya fa, jama'a!

Na taɓa roƙon Patoro ya sayo mana takunkumi na gaske, mai matatar iska a gefe. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai Bature ne? Sha madararka." Shi kuwa ko ƙofar ɗakin ba ya kusanta. Daga nesa yake tsayawa, ya toshe hanci, yana nuna mini inda fenti bai kama ba.

Tari ya fara. Sannu a hankali tafiya daga tasha zuwa gareji ta gagare ni sai na zauna a hanya. Wata safiya na yi kaki a kwata, na ga jini cakuɗe da fenti ruwan ɗorawa. Rifkatu ta ɗauki mayafinta ta tare mana tasi zuwa asibiti a unguwar Tireshbil.

Likita ya ɗaga hoton ƙirjina ya tambayi aikina. Na gaya masa, har da alfahari na ƙara da cewa ban taɓa fashin madara ba. Ya ce, "Malam, madara ciki take tafiya, fenti kuma huhu. Ba su taɓa haɗuwa ba." Ya ce in na koma ɗakin nan, ba zan ga auren 'yata ba.

Ina kwance da robar iska a hanci sai ga Patoro da katan ɗin madara. Ya ajiye a gindin gado ya ce, "Bulus, shanye wannan ka miƙe, motoci na jiranka." Na juya na yi amai a gabansa. Rifkatu ta tura masa katan ɗin da ƙafa ta ce, "Ɗauki kayanka, Patoro. Kai ka sha."

Da ya fita sai tsoro ya kama ni. Aikin da na iya ke nan, kuma shi ke kashe ni. Rifkatu ta durƙusa ta ɗora hannu a ƙirjina. Ni addu'ar ma ba ta fita, kalma ɗaya sai tari. Abin da na iya cewa kawai, "Yesu, kai ka hura wa mutum numfashi. Nawa ya ƙare. Ara mini." Nan take na ji ƙirjina ya saki, na ja iska har ƙasa. Haleluya!

Na sha magani watanni. Ban koma garejin ba. Ubangiji ya buɗe mini ƙofa a wani shago nan Tireshbil, inda muke yin allunan hanya: na tsayawa, na kwana, na makaranta a gaba. A fili muke fesa, kowa da takunkuminsa da tabarau da safar hannu.

Ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba, likita ya ce wani ɓangaren huhuna ya tafi ke nan. Amma da wanda ya rage, jiya na goyi Hannatu a wuya daga kasuwa har gida, tana ja mini kunne tana cewa in yi gudu. Kuma na yi gudun!

Na gode wa Yesu. Kai da ke zaune nan kana haɗiye abin da ke cin ranka don tsoron yunwa, ka kira shi tun kana da numfashin kira. Zai amsa. Amin.