Gefen da Za a Gutsure wa Dokar Ƙofa

Mai girma shugaban taro, shugabar makaranta, malaman 'ya'yanmu, 'yan kwamiti, iyaye maza da iyaye mata, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni dama. Da girmana na koyi karatu, don haka ku yi haƙuri, a hankali zan bi abin da na rubuta.

Na farko, kalmar da kwamiti ya kawo mana. An ce za a sassauta dokar ƙofa, wadda ta hana yaro fita sai an tashi daga makaranta. Ban gane ba, sai na tambayi yayan mijina, da yake a kotu yake aiki. Ya ce, "Ba soke ta za a yi ba. Doka tana nan, gefe guda za a gutsure mata." Na ce, "Yaya, wato ƙofa a rufe, amma an zare sakata?" Ya yi dariya ya ce, "Ke da kin shiga aji da wuri, da mun shiga uku."

Na biyu, gefen da za a gutsure. 'Yan manyan aji za su riƙa fita lokacin hutu, su tsallaka titi su sayi abinci. Dalilin kwamiti gaskiya ne: mai abinci ɗaya ce a ciki, layi yana tsawo, yara suna komawa aji da yunwa. Ban musa ba.

Sai dai ɗana yana cikin manyan aji, kuma kunnensa na hagu ba ya ji. Idan mota ta taso ta wannan ɓangaren, ba ya sani sai ya gan ta. Idan abokansa suka fita, ba zai zauna ba, domin ba ya so a gane. Na tambayi baba mai gadi ko zai riƙa tsallakar da su. Ya ce, "'Yata, in na tsaya a titi, wa zai tsaya a ƙofa?"

Roƙona, kafin a ɗaga hannu: a bar doka yadda take, a shigo da masu abincin tsallaken titi cikin makaranta. In kuwa lallai sai an sassauta, to a faɗi wanda zai tsaya a titi tukuna.

Shi kuwa ɗana, in ya ji na faɗi wannan a gaban jama'a, zai daɗe bai yi mini magana ba. Na yarda.

Allah Ya tsare mana yaranmu, Ya ba kwamiti basira, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.