Wayar Ofis a Asibitin Haihuwa

A ɗakin jira na wani asibitin haihuwa a Inugu, wani dattijo ya dubi matashin da ke gefensa, wanda wayarsa ta ƙi yin shiru.

"Samari, wayar nan ba za ta bar ka ka yi wa maiɗakinka addu'a ba?"

"Kiran ofis ne, Baba. Lodin albasa muke yi. Lambobi na danna daga nan, duk wanda ya kira ofis sai kiran ya faɗo aljihuna."

"Ikon Allah! Ba kowa a can ne?"

"Akwai ƙanwata Bashira. Ta ma fi ni jin Igbo. Amma kwastomomi muryata suka sani."

"Ka taɓa bari sun ji tata?"

"Ai haka mahaifinmu ya riƙe ofishin, ba ya barin kowa ya ɗaga. Ranar da aka haife ni ma yana gaban waya yana jiran kira."

"Kiran wa?"

"Wallahi ban sani ba. Umma dai har yau ba ta daina faɗa ba."

"To ita wadda ke ciki yanzu, me kake so ta riƙa faɗa?"

Matashin ya dubi ƙofar ɗakin haihuwa. Wayar ta sake yin ƙara.

"Lambobin nan naka, suna iya mayar da kira inda ya fito?"

"Suna iyawa, Baba."

Matashin ya danna, sannan ya kira ofis.

"Bashira, na mayar miki da layi. Duk abin da suka zo da shi, ki yanke hukunci."

Nas ta leƙo. "Ina mijin Rahinatu?"

"Ga ni! Baba, riƙe min wayar nan!"