Ƙofofin da Si Munji Ya Yanka Mana a Cikin Kwamfuta

Da sunan Allah nake buɗe baki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Limaminmu, Shaihu Abdurrazak, mai unguwarmu, Si Fauzi, shugaban masaƙan alharini na garinmu Mahdiyya, Haj Tahir Kallal, wanda nake roƙo kada ya tashi sai na gama, Lalla Nabiha, matar marigayi, Siham, 'yarsa, danginsa da suka taso daga Susa, masaƙa da maƙwabta, da masuntan da suka ɗaure jiragensu suka zo: assalamu alaikum.

Ni ne Shadli bin Hamida. Ban taɓa zaman aji ba, zare kaɗai na iya karantawa. An ce in yi gajeren jawabi a sadakar arba'in ɗin Si Munji, ni kuwa ban yi wa kowa alkawarin gajartawa ba. In kuma kun ga ina murmushi a ranar makoki, ku yi mini uzuri. Akwai dalili, zan kai ku can.

Ya kasance ɗan masunci, bai taɓa riƙe ƙoshiyar saƙa ba, amma da hannunsa saƙar garin nan ta tsaya da ƙafafunta. Ya kasance mai gyaran kwamfuta a ɗan shagon nan na bakin ƙofar gari, inda shayi ba ya sauka daga wuta. Ya kasance in tsohuwa ta shigo tana cewa jikanta na Marsiliya ya ƙi fitowa a waya, zai ture aikin gabansa, ba zai sallame ta ba sai ta ga fuskar jikan ta yi masa faɗa son ranta.

Duk wannan kun sani. Ni labarin injin saƙa zan ba ku, don ni aka yi rigimar da shi.

Gidajen saƙa uku suka rage mana: gidan Kallal, gidan Zarruk, da namu. Muka haɗa kai muka sayo tsohon injin saƙa daga Italiya, irin wanda kwamfuta ke gaya wa zaren da zai ɗaga. Kowane gida da zayyanarsa ta gado. Macen Mahdiyya ta hango gefen mayafin amarya, ta san gidan da ya fito. Kowane gida kuma da ƙananan faifansa, ya zo da su a aljihu ranar aikinsa, ya koma da su. Sai iskar teku ta cinye kwamfutar, faifan su ma suka fara ruɓewa. Manhajar da ke tuƙa injin kuwa tsohuwa ce, ba ta jin yaren kwamfutocin yanzu. Inji ya yi shiru. Aka fara zancen sayar da shi ga 'yan gwangwan, samarinmu suka fara neman aikin ɗaukar faranti a otal-otal.

Si Munji ya zo ya kwashe abin da ke cikin faifan nan, ya zuba a rumbun wata sabuwar kwamfuta. Ya ce mini, "Ammi Shadli, baffana, zan gina wa manhajar nan tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa."

Na ce, "A ciki? Ciki za ta ɗauka?"

Ya ce, "Ɗakin baƙi zan yi mata. Za ta zauna, ta ɗauka gidanta ne."

Jama'a, da idona na gani! Ya taɓa, sai ga taga ta buɗe a tsakiyar allo, sai ga fuskar tsohuwar kwamfutar nan da muka binne, har da kukanta na tashi. Haj Tahir ya yi kabbara. Amma da aka nemi zayyana, wayam. Tana rumbun mai masauki, wato sabuwar kwamfuta, baƙuwa kuma daga ɗakinta ba ta hango komai na gidan.

Si Munji ya ce, "Wannan mai sauƙi ne. In buɗe mata rumbun gaba ɗaya, kafin shayin nan ya huce kun fara saƙa."

Na riƙe hannunsa. Na ce, "In ka buɗe gaba ɗaya, duk wanda ya zauna a kujerar nan zai ga na kowa?"

"E mana."

"Ɗan gidan Zarruk zai ga aikin kakata?"

Ya ce, "Haba Ammi, zayyanar da mata ke yawo da ita a kafaɗa a kowane biki?"

Na ce, "Fuskarta suke yawo da ita. Cikinta, zaren da ke hawa da wanda ke sauka, ba baƙon idon da ya taɓa gani."

Na hau bencin injin na zauna, na ce sai dai a ɗauke ni da shi. Samari suka yi ta gunaguni, wani ya ce tsoho zai kashe mana sana'a. Si Munji ya dube ni ya ce, "Wallahi Ammi, ka fi manhajar nan tsufa, ka kuma fi ta taurin kai."

Na ce, "Ita ai ka yi mata ɗaki. Ni ma yi mini."

Ya yi dariya har da hawaye, ya tafi. Wani ne da ya jira na tafi sallah ya buɗe abinsa, wa zai sani? Shi bai yi haka ba. Ya dawo ya raba rumbun, kowane gida da ɗakinsa, kowane ɗaki da kalmar sirrinsa. Ya yanka ƙofa daga wurin baƙuwa zuwa kowane ɗaki, ba ta buɗuwa sai ranar aikin gidan. Ya kuma ɗaure wa baƙuwar hannu: ta duba, ta gaya wa inji, amma ba ta gogewa, ba ta sauyawa. Da za mu sa kalmominmu, juya mana baya ya yi yana kallon bango. Ni da ban san harafi ba, wurin maɓallan na haddace, kamar yadda yatsuna suka haddace zare.

Na danna. Wani harafi ya fito, suka ce sunansa Z, ni dai ƙugiya na gani. Sai ga aikin kakata ya cika allo, sai inji ya ɗauka, kaf-kaf-kaf! Mata suka rangaɗa guɗa daga kan soraye, mai gidan shayi ya rugo da cokali a hannu yana tambayar wa aka haifa.

Ya kasance sirrin gidaje uku na kwance a kwamfutar da shi ya haɗa, bai taɓa leƙawa ba. Na gwada shi, ai ni ba na yarda haka kawai. Wata rana na ce, "Kifayen nan na gefen zayyanata, ba su yi ƙiba ba?" Ya ce, "Au, kifaye ne? A kafaɗar Nabiha na gan su, na ɗauka barkono ne." Ranar na san mutum ne.

Lalla Nabiha, kin yi haƙuri da mu. Kuskus ɗinki ya sha hucewa saboda kiranmu, ba ki taɓa ɗaure mana fuska ba. Mijinki ba naki ke kaɗai ya tafi ba, unguwa ce ta yi rashi.

To, ga abin da wasunku ba su sani ba. Bayan mun kai shi makwancinsa, wuta ta ɗauke, da ta dawo ƙofofin nan suka ƙi buɗuwa. Inji ya sake yin shiru. Siham ta zo da baƙaƙen kayanta, kun san injiniya ce a wata masaƙar zamani a Munastir. Ta saurari kwamfutar ta ce rumbun yana gab da mutuwa, in ya tafi ya tafi da komai. Dole a kwashe ɗakunan zuwa sabo, a sake yanka ƙofofi. Dole kuma kowane gida ya buɗe nasa a gabanta, ta duba zayyana ɗaya bayan ɗaya ko ta iso lafiya.

Nan aka fara raɗa: mai aiki a inda ake buga yadi dubu kafin azahar, ita za a nuna wa cikin gida? Ta ji. Ta ce mini, "Ammi, ba zan rantse maka ba, ba zan roƙe ka ba. Amma rumbun nan ba zai jira ka gama tunani ba."

Na buɗe. Na zauna kusa da ita ina kallon yatsunta. Tana cikin dubawa ta tsaya ta ce, "Ammi, nan zare ɗaya ya tsallake layi. Lalacewa ce, ko haka yake?"

Jama'a, ba lalacewa ba ce! Kakata ce ta bar shi da gangan, don kada aiki ya cika har mugun ido ya kama amarya. Da wani gwanin ne, da ya gyara mini shi yana jiran godiya. Ita tambaya ta yi, hannunta na kan cinyarta. Gidan Zarruk suka ji, suka buɗe nasu. Yau da safe inji ya yi magana. Ga mayafin da ya saƙa, ku ɗaga kai ku gani, ɗumin injin bai ma gama barinsa ba!

Saura gida ɗaya. Haj Tahir, zayyanarku ta fi ta kowa tsufa, tana kuma kwance a rumbun da ke shure-shure. Tare muka tashi, na san kanka, ka san nawa. Ni da na hau benci na hana uban Siham, ban sauya ra'ayi ba ko kaɗan: ran nan kullewa ce ke tsare gado, yau buɗewa ce. In rumbun nan ya mutu gobe, me za ka saƙa wa jikokinka mata? A gaban Liman nake tambayar ka, a gaban uwar yarinyar nan.

Me ka ce? Ɗaga murya, Haj, kunnena ya tsufa.

Kun ji? Ya ce bayan la'asar! Ya ce da sharaɗin zai zauna kusa da ita, a kuma fitar da Shadli waje. Na yarda! Ku fitar da ni har bakin teku in kuna so. Siham, share hawayenki, 'yata, aiki na jiranki.

Mun gode wa Liman da mai unguwa, mun gode wa waɗanda suka yi girki da waɗanda suka taso daga nesa. Ya Allah, bawanka Munji ya riƙe mana amana ba mai ganinsa sai Kai. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya zuciyar Nabiha, Ka ƙarfafa hannun Siham. Ka kuma riƙe mana rumbun nan da ransa, ya Ubangiji, har a idar da la'asar.

Amin. Mu karanta masa Fatiha.