Dala a Farashin Banki

Ranar da labarin rasuwar mijina Adam Fulu ya iske ni a Male, babban birnin ƙasarmu ta tsibirai, na zauna a tasha ina jiran jirgin ruwan tsibirinmu. Kusa da ni wata tsohuwa ta tare wani ma'aikacin otal ɗin baƙi.

"Ɗana, an ce ku Turawa ke yi wa kyautar dala. Sayar mini a farashin banki."

"Inna, ai sai ki tafi bankin."

"Na je. Farashin na nan a allo, bai taɓa motsi ba. Dalar ce babu."

"Kifin da aka zana a bango ma ba ya tsada. Kin taɓa yin miya da shi?"

"Ji ɗan banza! Indiya zan kai maigidana a gyara masa ido, can ba sa karɓar kuɗinmu na rufiya."

"Me ya rage bai gani ba a duniya?"

"Ni! Tun da ya makance yake gaya wa mutane ina nan kamar amarya. So nake ya daina ƙarya."

"In ya gani ya gudu fa?"

"Tsibiri ne, ina za shi?"

Mutumin ya yi dariya har da hawaye, ya ciro dalolin. "Farashin banki, Inna. Amma ranar da idon zai buɗe, ki ɗan yi kwalliya."

Ni da ko kuka ban samu yi ba tukuna, sai na ji ina dariya. Ban san ko idon ya buɗe ba. Har yau kowace asuba, in na gama yi wa Adam addu'a, nakan roƙa wa tsohon nan gani.