Ruwan da Baba Ke Shafa wa Gwiwa

Ina gaishe ki, mai gabatarwa. Sunana Rahila, daga Bukan Sidi, Lafiya.

Babana manomin doya ne, ciwon gwiwa ya hana shi tsuguno. Abokinsa ya ba shi wani ruwa, wai shi DMSO, yana shafawa. Ciwon ya lafa, amma wurin ya yi ja, bakinsa kuma sai warin tafarnuwa. Wata nas ta ce mini ruwan narkar da sinadarai ne, abin da ya tarar a fata yakan shige da shi cikin jini. Ga Baba kullum cikin feshin maganin ciyawa.

Na roƙe shi har da hawaye ya daina shafa ruwan. Ya ce, "Rahila, in na daina, da wace ƙafar zan je gona?"

Jama'a, don Allah, me zan ce masa?