Burtsatsen Kansila Ta Huɗu

A tashar Tsafe, Baba Lukuman yana jiran motar Kucheri ta cika, sai wani mai hular kamfen ya zauna gefensa riƙe da gwangwanin fenti.

"Baba, kansilanmu za ka sake zaɓa ko? Sau uku yana cin zaɓe, burtsatse uku ya ƙaddamar."

"Ɗaya na sani, a ƙofar gidana take. Har yau daga rafi jikokina ke ɗebo ruwa."

"Haba Baba! Akwai koriya, akwai shuɗiya, akwai fara."

"Duk ita ce, yaro. Ranar da ta kawo ruwa, ƙuri'ata tasa ce. Wannan fentin fa?"

Mutumin ya tura gwangwanin ƙarƙashin benci.

"Ja ne, Baba. Jibi ake ƙaddamar da ta huɗu."